Gaɓa Ukun da Yaya Ya Bari

Ni mai zafin rai ce, kuma ba yau na san haka ba. Tun ina ƙarama Mma take cewa in na buɗe baki har kaji sai su bar tsakar gida. Yayana kuwa magini ne, shiru-shiru, in ya ce maka "to" ya gama maganar yini guda. Mu biyu Mma ta bari a gidanmu na cikin zango a nan Tamale. Shi da matarsa suna ɗakunan gabas, ni ina na yamma tun da aurena ya mutu na dawo gida da akwati biyu da babur ɗina. Kwamfuta nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kanvili.

A tsakiyar gidan akwai mangwaron da Mma ta dasa shekarar da ta haife ni. A ƙarƙashinsa take tuƙa tuwo, a nan take tsefe min kai tana dungure ni, a nan kuma aka ajiye makararta kafin a fita da ita. Ba a cika shekara da rasuwarta ba, wata Talata na dawo daga makaranta na tarar da rana fal a wurin da ban taɓa ganin rana ba. An sare shi, ana loda itacen a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ɗan Yaya zai yi aure, ana neman ɗaki, kuma babu fili sai nan. Na san da maganar ɗakin. Ba wanda ya ce min mangwaron ne zai tafi.

Ko makullin babur ban zare ba. A gaban leburorinsa na wanke shi tas. Na ce ba zuciya ce a ƙirjinsa ba, siminti ne. Na ce tunda gini ya iya, ya ja katanga tsakaninmu in huta da ganin fuskarsa. Sannan na faɗi wadda na fi tunawa, don sau biyu na maimaita ta da yatsa a sama: "Daga yau kada hannunka ya ƙara taɓa wani abu nawa."

Ya dube ni, ya ce, "To, Auta."

Cikin mako guda katanga ta tashi, ta raba gidan biyu, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da rula. Abu ɗaya kawai na gani wanda na kira aikin banza. A ƙarshenta, inda ya kamata ta haɗu da bangon ɗakina, ya bar tazara kamar ta yatsa huɗu, daga ƙasa har sama. Na ce ka ji maginin da ake yabo, ko ƙarasa katanga ya kasa. Na cusa tsumma a wurin don 'yan tsaki suna bi suna shigo min. Ta wannan tazarar nake jin tarinsa da asuba, da ƙarar butarsa. Amma in mutum yana so ya je ƙofarsa daga tawa, sai ya fita titi, ya wuce mai koko, ya sha kwana ta bayan masallaci, ya biyo lungun masu ɗinki. Tafiyar minti biyar ce.

Shekara shida ban yi wannan tafiyar ba. Liman ya zo, kawunnanmu sun zo, kowa ya ja min ayar zumunci, na ce ai muna gaisawa. Kuma muna gaisawar, in mun haɗu a titi, irin gaisuwar da ake wa mai sayar da kati. Ɗan da aka sare mangwaron dominsa bai yi shekara biyu a ɗakin ba ya kwashe matarsa suka koma unguwar Jisonayili, ɗakin ya zama ma'ajiyar tsofaffin katifu. Wannan ma na ƙara shi a cikin fushina, ina kiwonsa kamar akuya.

Da damina ce ciwon ya same shi, yana aiki a wani gini a Gumani. An ce ya ɗauki bulo, sai ya ajiye, ya zauna a ƙasa, bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Na je asibiti, na tsaya a bayan masu dubiya, na ce sannu tare da kowa, na fito. A kan babur na yi kukana, har wani mai keken haya, yalo-yalo, ya zage ni don na kusa shiga gabansa. Da aka sallamo shi ban zagaya ba. Nakan dama koko in ba matarsa ta kai masa, shi ke nan.

Matar Yaya 'yar Dagomba ce, mai haƙuri, Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta. Ita ce ta riƙa zagayowa wurina duk shekarun nan kamar ba abin da ya faru. Wata rana bayan la'asar ta shigo ta same ni a gaban kwamfuta, ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Malama, yayanka yana zauna kawai yana duba bango. Abinci ma ba ya ci. Hannun hagu nasa yana ta motsi kamar yana jera bulo." Sai ta miƙa wuya ta kalli abin da nake yi, ta ce, "Wannan gini ne?"

Gini ne. Wani wasa ne da na samu tun lokacin da aka rufe makarantu muka zauna a gida, na kuma kasa rabuwa da shi, ni da nake korar yara daga aji in na kama su suna wasa. Jirgi yake sauke ka a wata duniya ja, ba bishiya, ba ruwa a sarari, ba iskar da za a shaƙa. Ana ba ka mutane 'yan kaɗan da mota ɗaya. Kai za ka gina musu ɗakuna rufaffu, ka kafa farantan sola, ka haƙo ƙanƙara daga ƙarƙashin ƙasa ka narkar ta zama ruwa, ka kafa injin da yake yin iska. Duk ɗakin da ba ka haɗa da wani ta rufaffen lungu ba, mutum ba zai je can ba sai ya sa rigar fita, kuma iskar rigar ba ta daɗewa. Lungun kuwa gaɓa-gaɓa ake ƙera shi kamar rake, ana haɗawa, kuma wayar wuta da bututun ruwa a cikinsa suke bi. Mutum biyu suna iya sauka a duniya ɗaya in kwamfutocinsu suna kan waifai ɗaya.

Na ɗauko tsohuwar kwamfutata daga ƙarƙashin gado na goge mata ƙura. Na ce wa matar Yaya ba don shi na yi ba, don ita ce, don ta samu ta yi wanki. Kwana uku ina koya mata inda ake dannawa, ita kuma tana zagayawa tana koya masa, ta dawo da tambayoyi da bakinta ya riga ya hautsina su a hanya. Duniyar a cikin kwamfutata take, ba zai iya shiga ba sai tawa tana kunne. Na matsar da akwatin waifai ɗin kusa da katanga, na ɗaure masa batir saboda dumso, ɗauke wutar nan da ake yi mana. Kowace safiya kafin in hau babur sai in kunna in bar ta a kan tebur.

Ya sauka a wani kwari can nesa da nawa sansanin, inda ƙanƙara take da yawa. Ni ina kan tudu, rana ta wadace ni, ruwa ne ba ni da shi. Da yamma in na dawo sai in tuƙa motata ta cikin wasan zuwa wani baƙin dutse da yake tsakaninmu, in tsaya ina leƙen abin da yake yi, kamar matar da take leƙen maƙwabta ta kan katanga.

Gidan farko da ya gina na yi dariya har na ƙware. Zaure ya fara yi. Sannan ya jera ɗakuna a zagaye, kowanne ƙofarsa tana kallon ciki, ya bar tsakar gida a buɗe, fili fetal, kamar a zango. Da gari ya waye a wasan mutanensa suka fito za su tsallaka daga ɗakin kwana zuwa madafa, suka zube a tsakar gidan ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta zagayo da gudu-gudu ta ce duk sun mutu, yayanka ya ce me ya yi musu. Na ce ki gaya masa can ba Tamale ba ne, ba a shan iska a tsakar gida. Ta tafi ta dawo, ta ce ya ce gidan da ba tsakar gida ai kurkuku ne. Na ce to ya zauna da gawawwakinsa.

Bai bar tsakar gidan ba. Ya sake sauka da sababbin mutane, ya sake jera ɗakunan yadda suke, amma wannan karon ya nemo rufin gilashi ya kifa a kan tsakiyar. Kuma duk abin da ya saba yi a wurin aiki, haka ya kawo shi. Ba ya gini sai da safe, daga bayan asuba zuwa hantsi, wai kafin rana ta yi zafi, alhali yana kwance a ɗaki ƙarƙashin fanka. Ranar Juma'a ba ya taɓa komai. In ya kafa harsashi sai ya bar shi kwana uku kafin ya ɗora bango, wai ya sha ruwa ya kama. Na aika masa cewa wasan ba ya bukatar haka, danna ɗaya ne bango ya tsaya. Amsar da ta dawo ita ce, wasan ne bai sani ba. Makewayin ma sai da ya juya shi sau biyu, don bai gane ina ne gabas ba a wannan duniyar.

Wallahi gidansa ya fi nawa. Nawa tarkace ne, na dasa ɗaki duk inda na ga dama, wayoyi sun sarƙe kamar bayan kasuwa. Nasa in ka hango shi daga kan dutsen, ko ba a gaya maka ba ka san wanda ya yi shi ya taɓa riƙe igiyar awo. Da hannun hagu ya yi shi, hannun da bai taɓa cin tuwo da shi ba. Matarsa ta ce ya fara cin abinci, har ya nemi a ƙara masa miya.

Wata safiyar Asabar na tarar da tankin ruwa a gindin baƙin dutsen, cike, an ajiye an tafi. Mu mutanen Tamale ba a yi mana bayanin abin da ake nufi da ruwa. Mun san mako biyu famfo bai ɗiga ba, mun san ɗaure jarkoki huɗu a babur. Na tsaya ina kallon tankin nan, na ce wato ya leƙo ya ga ina cikin ƙishi. Na so in bar masa kayansa a wurin. Amma mutanena saura kwana ɗaya su fara mutuwa, sai na ja shi zuwa gida. Washegari na loda batura shida na ajiye a inda na ɗauki tankin. Daga ranar haka muka riƙa yi, shi ruwa, ni wuta. Akwai wurin rubuta saƙo a wasan, ba wanda ya taɓa rubuta ko harafi ɗaya a cikinmu.

Abin da ya dame ni shi ne yadda yake cin wuta. Duk baturan da na kai, kafin kwana biyu sun ƙare. Na ce wa matarsa ta tambaye shi ko walda yake yi a can. Ta dawo ta ce ya ce gini ne. Ƙofar zaurensa tana nan, da na ga dama da na tuƙa na je na shiga na gani da idona. Ban je ba. A raina na ce ni ba zan fara taka gidansa ba, ko a cikin kwamfuta ne.

Bayan ƙaramar salla ya fara lungun. Na hango gaɓa biyu sun fito daga zaurensa sun nufo tudu. Washegari sun zama huɗu. Ban gane ba sai da ya wuce baƙin dutsen, sannan na ga sansanina ya dosa. Tazarar da take tsakaninmu ba ƙarama ba ce, kuma kowace gaɓa sai ya haƙo ƙarfe, ya narkar, ya ƙera, ya ɗora a mota, ya kawo. Gaɓa biyu yake yi a rana, wani lokaci ɗaya in jikin ya hana. Inda ƙasa ta yi rami sai ya cike, ya jira kwana ukunsa. Wata biyu da wani abu yana wannan aikin. Ina makaranta ina koya wa yara yadda ake ajiye rubutu, hankalina yana can yana ƙirga gaɓoɓi. Har na gina ƙofa a bangon sansanina ta ɓangaren da yake tahowa. Na ce wa kaina don iska ce, a duniyar da babu iska.

Na riga na tsara yadda za a yi. Ranar da lungun ya taɓa ƙofata, zan ɗauki kwanon tuwo in zagaya ta bayan masallaci, in shiga in ce, "Yaya, ashe ka iya ƙarasa aiki." Shi zai ce "to". Shi ke nan, ba sai an tono komai ba. Ni dai so nake ya zama shi ya iso, ba ni ba.

Sai ya tsaya. Saura gaɓa uku tsakanin bakin lungunsa da ƙofata, ya tsaya cak. Na ce ko ƙarfe ne ya ƙare masa. Washegari na ga ya kawo gaɓoɓin ukun, ƙerarru, ya jera su a gefen wurin a tsanake, ya juya motarsa ya koma. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako guda. Ranar da ba makaranta nakan ga ɗan mutuminsa cikin farar rigar fita ya taho ta lungun, ya tsaya a bakinsa yana fuskantar ƙofata har hantsi, sannan ya juya.

Nan fa tsohon ciwona ya tashi. Na ce wato so yake in fito in roƙe shi. Ya sare bishiyar uwata, ya raba min gida, yanzu kuma ya jera min kaya a ƙofa in ɗauka da kaina kamar mai karɓar sadaka. Irin aikin da ya yi wa katangar ne, ya kawo ƙarshe ya bar rami don ya nuna min iyakata. Na ce wa matarsa, "Ki gaya masa wanda ya fara shi ke ƙarasawa." Ta buɗe baki za ta yi magana na ce ba na son jin komai, ina da makin jarrabawa da zan duba. Daga ranar na daina kai batura. Na ce in yana son wuta, waya tana cikin lungun, ya haɗa ya sha.

Kwana goma na yi ban kai ba. Shi kuwa ruwa bai fasa ba, kullum tanki yana gindin dutse, ni kuma ina zuwa ina ja ba kunya. Daga kan tudu ina ganin fitilun gidansa suna mutuwa, na zaure, na madafa, na ɗakunan kwana. Na tsakar gidan ne kawai ya rage yana haske ta cikin gilashin. A rana ta bakwai tanki bai zo ba, na ce ya rama ke nan. Da na haɗu da matarsa a layin ruwa ta ce jikin ya matsa masa, kansa yana ciwo, ko zama ba ya iyawa. Na ce Allah ya sawwaƙe, zan shigo ranar Asabar. Har ga Allah na yi niyyar zuwa. Amma kwamfutata na ci gaba da kunna ta kullum da safe, duniyar tana ta tafiya ba shi, kuma ban kai ko batir ɗaya ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina yanka kuɓewa na ji muryar matarsa ta tazarar nan. Ba ihu ta yi ba, sunan ɗansu take kira, ɗan da yake Jisonayili. Na jefar da wuƙar, na fizge tsumman da na cusa shekara shida, na sa bakina a wurin ina kiran Yaya. Ina ganin ƙofar ɗakinsa, ga labulen nan yana motsi, taku goma bai kai ba. Sai da na fita titi, na wuce mai koko, na sha kwana ta bayan masallaci. Takalmina ɗaya ya cire a lungun masu ɗinki ban tsaya ba. Na tarar ta riga ta rufe masa ido.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na zauna da ita a ɗakinsa tunda tana takaba ba ta fita. Ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin matashinsa ta ɗora min a cinya. Na ce mata abin da yake cina, don na kasa riƙe shi. Na ce me ya sa bai ƙarasa ba, gaɓa uku kawai.

Ta ce, "Ai na tambaye shi. Ran da ka ce ba ka son ji, shi na zo gaya maka." Ta gyara mayafinta. "Ya ce bangonka ne. Ya ce magini ba ya jingina aiki a bangon wani sai mai bango ya fito ya tsaya ya ce a sa. Kuma kai ka ce kada hannunsa ya taɓa naka. Ya ce ba ka janye ba. Shi ya sa yana zuwa yana tsayawa, ko za ka fito."

Na san wannan ƙa'idar. A gidan magini na girma, Baba ma magini ne, sau nawa na ga an aika a kira maƙwabci ya zo ya tsaya kafin a haɗa bulo ɗaya da katangarsa. Na sani sarai. Fushi ne ya hana ni tunawa, shekara shida ina cusa tsumma a cikin maganata ina kiranta aikin banza.

Da na koma gida na kunna tawa. Gaɓoɓin suna nan yadda ya jera su. Na ɗauki ta farko na sa, na sa ta biyu, na sa ta uku. Ko minti ɗaya ban yi ba. Wuta ta bi wayar, na ga fitilun lungun suna kamawa ɗaya bayan ɗaya har can cikin kwarin. Na tura mutumiyata ta shiga, ba rigar fita, ta yi ta tafiya. Kowace mahaɗa daidai take, ba inda ya karkace. Na wuce zaure. Mutanensa duk sun mutu a ɗakunansu. Na shiga tsakar gidan.

Bishiya ce a tsakiya. Akwai ta a cikin jerin kayan wasan, na sha ganinta ina tsaki, don ba ta ba da abinci, ba ta ba da komai, sai shan ruwa da wuta kamar me. Ita ce take cinye baturana. Ya zagaye gindinta da ɗan dakali irin wanda Mma take zama a kai, ya kuma karkatar da duk sauran wutar gidan zuwa fitilarta da na daina aikowa. Ta yi girma har ta kusa taɓa gilashin. Amma ta bushe, ganyen duk sun zube a kan dakalin. Na kunna mata fitila, na buɗe mata ruwa, na zauna ina jira har aka kira magariba. A wasan in ta bushe ta bushe ke nan. Na farko shi ya sare, wannan kuwa ni na kashe ta da hannuna, kuma ba ni da wanda zan zaga.

Da aka yi arba'in matar Yaya ta ce in sa a fasa katangar, ko a huda ƙofa, ta gaji da ganina ina zagaye. Na kira wani tsoho da suka yi shekaru suna aiki tare da Yaya. Ya zo da gudumarsa, ya shafa katangar da tafin hannu, ya ce ko tsaga ɗaya babu, wannan aikin mutumina ne. Ya zo kan tazarar, ya zura yatsunsa huɗu. Sannan ya tambaye ni, kamar yadda suke yi, "Katangar wa ce? Mai ita ya tsaya ya ce a fasa."

Matar Yaya tana can ɓangaren tana cewa a fasa, ta yarda. Tsohon yana kallona. Na ce masa ta Yaya ce, ita ce abu na ƙarshe da ya gina min da hannunsa biyu, kuma ban tambaye shi ko a fasa ba. Na ba shi haƙuri, na kawo masa ruwa ya sha, ya mayar da gudumar cikin buhu ya tafi.

Tsumman dai ban mayar ba, 'yan tsaki suna ta shige da fice abinsu. Kullum da safe kafin in hau babur nakan ɗauki kwanon koko in fita titi, in sha kwana ta bayan masallaci, in biyo lungun masu ɗinki in je in gaishe ta. Har yanzu minti biyar ne.